Ƙwan da Ya Yi Kuka a Cikin Hulata

Akwai abin da na yi da hannuna wanda har yau, in na tuna, sai in ji da ma ƙafata ta gurɗe tun a gindin bishiyar. Na hau rimi na ɗauke wa ungulu ƙwanta. Na san wani zai yi dariya, ya ce tsohon nan ya rasa zunubin da zai tuba a kai sai na ungulu. To, ku yi dariyarku, ni ma na yi irinta a inda bai kamata ba. Amma ku bari in ba ku labarin tukuna, don a 'yan watannin nan na ji abubuwa, na kuma ga wani abu da idona, wanda in ban faɗa ba cikina zai fashe.

Ni ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa ne. A nan Minna aka haife ni, karatun boko kuwa ban wuce inda zan karanta wasiƙa in rubuta amsa ba. Da mahaifina ya ga karatun ba ya shiga, sai ya kama hannuna ya kai ni wurin yayansa, mahauci, wanda muke kira Baffa. Wanda bai ga mahautar wancan zamani ba bai san hayaniya mai daɗi ba. Ana sallame sallar asuba za ka ji wuƙaƙe a kan dutsen wasawa, shanu na kuka, gatari na sauka a kan gungume, can nesa jirgi yana busa zai tashi. Matan Nufawa masu tuwo sun jera tasoshinsu suna jiran kayan ciki, wata tana cewa, "Mai nama, yau ka sa mini hanji da yawa, jiya ka cuce ni, Allah yana gani." Matan Gwari suna wucewa da itace a kafaɗa, don su ba sa ɗora kaya a ka. Amma sautin da ya fi zama mini a kunne shi ne na faratan ungulaye a kan rufin kwano. Ƙaraf, ƙaraf, ƙaraf, suna kai da kawowa a samanmu kamar masu jiran a buɗe ofis. Aikina shi ne riƙe igiya, ɗiban ruwa, wankin tumbi da shanya fata. Aiki ɗaya ne ba mu taɓa yi ba, kwasar ƙazanta. Duk abin da ba a ci sai mu watsa bayan rumfa, kafin hantsi ya ɗaga ungulaye sun share wurin tas, ko ƙuda bai samu rabonsa ba.

Baffa bai taɓa zama a aji ba, amma Allah ya ba shi ido. Duk abin da ya yanka sai ya duba shi kamar yau ya fara gani. Ranar da na fara aiki ya turo mini kan saniya da ƙafa ya ce, "Sa hannunka a bakin nan ka taɓo mini haƙoran sama na gaba."

Na ce, "Baffa, in ta cije ni fa?"

Ya ce, "Kan da aka yanke ne zai cije ka? Sa hannu, ragon banza."

Na sa hannu na lalubo. Babu ko ɗaya! Dasashi ne kawai mai tauri kamar tafin takalmi. Duk girman saniya, duk ciyawar da take ci, da harshe take naɗowa ta danne ta fizge. Na saki baki, shi kuwa yana ta dariya har hularsa ta karkace. Daga ranar kullum da abin da zai nuna mini. Ya buɗe cikin saniya ya nuna mini ɗaki huɗu, wani kamar tawul, wani kamar saƙar zuma, wani ganye-ganye kamar littafi, na ƙarshe mai santsi. Ya tsaga ƙundun kaza ya zube mini tsakuwoyi a tafi, ya ce tunda ba a ba ta haƙori ba sai ta haɗiyi dutsen niƙanta. Ya ce tozon raƙumi ba ruwa ba ne a ciki, kitse ne. Ya ce doki ba ya amai, kuma ba shi da matsarmama.

Abin da ya nuna mini da wuƙa na yarda da shi. Abin da ba ya nunuwa kuwa, nan ne na fara raina shi. Ya ce mutum ya fi tsawo da safe a kan yamma. Ya tsayar da ni jikin bango bayan asuba ya ja layi da gawayi, da magariba ya sake ja, layin ya sauko kaɗan, na ce shi ne ya karkata hannu. Ya ce jariri ya fi babban mutum yawan ƙasusuwa. Ya ce kakarsa ta gaya masa akwai zamanin da ba a san barkono ba a ƙasar nan, da masoro da citta da kimba ake yaji, rogo ma baƙo ne. Ya ce ɗan tsako yana kuka tun yana cikin ƙwai, uwar ta amsa masa. Wannan ta ƙarshe ita ta fi ba mu dariya, ni da sauran samarin mahauta. Muka sa masa suna Rediyo a bayan idonsa. In ya fara sai mu ƙyafta wa juna ido, wani ya ce a hankali, "An kama tasha."

Abin da ya fi so ya yi magana a kai shi ne ungulu. A bayan mahauta akwai wani rimi, a can ƙololuwarsa wasu biyu suke da sheƙa. Baffa yana kiransu mata da mijin nan. Yakan ce, "Ku kuna ganin ƙazama, ni ina ganin ma'aikaciya. Ka ga kanta babu gashi? Don kada jini ya manne ne. Je ka rafi da rana ka gani, wanka take yi ta shanya fukafukai, abin da wasunku ba sa yi." Ya ce in ranta ya tashi fuskarta takan yi ja. Ya ce miji da mata karɓa-karɓa suke yi a kan sheƙa kusan wata biyu. Sannan sai ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, "Ƙwai ɗaya tak, a shekara. In ya lalace, shekarar ta tafi."

Da gemuna ya fara fitowa, Baffa ya yanka mini teburina ni kaɗai a bakin kasuwa. Na yi makonni ina korar ƙuda. Mutane su wuce ni su tafi wurin waɗanda suka saba da su, da yamma in kwashi nama ya yi baƙi in mayar. Kusa da ni akwai wani mai magani da ke shimfiɗa fatu da gashin tsuntsaye a kan tabarma. Wata rana ya yafito ni ya ce, "Saurayi, ka taɓa ganin ungulu ɗaya a kan mushe? Ɗaya ta sauka, kafin ka juya sun cika wurin. Kawo mini ƙwanta in binne maka a ƙarƙashin tebur, haka mutane za su riƙa yanyame ka." Maganar ta shige ni. Ni da nake ƙaryata Baffa a kan abin da ya auna a gabana, na gaskata wannan mutumin ba tare da ya nuna mini komai ba.

Ranar Juma'a na zaɓa, cikin rani, lokacin da kowa ya tafi masallaci. Wannan ma wani laifin ne, Allah ya yafe mini. Na ɗauki igiyar kayar da shanu ta Baffa na jefa a reshe. Rassan rimi akwai ƙaya gajeru masu kauri, suka yi ta yagar hannuwana, ban ji ba. Da na isa, ɗaya tana kwance a sheƙa. Ta dube ni na dube ta. Wallahi ina kallo fuskarta ta sauya, ta yi ja kamar garwashi. Ba ta sare ni ba, ba ta yi kuka ba, sai ta miƙe ta matsa wani reshe tana kallona. Ga ƙwan nan, ƙato, fari mai ɗigo-ɗigon ƙasa, ɗumi kamar an ciro shi daga toka. Na sa shi a hula na cusa a cikin riga na fara saukowa.

Ban yi nisa ba na ji wani ɗan sauti a ƙirjina. Tsiy. Tsiy. Na ɗauka ɓera ne a kogon bishiya. Na zauna a reshe na ciro hular na kara a kunne. Daga cikin ƙwan ne! Ana ƙwanƙwasawa a hankali, ƙwas, ƙwas, sai kuma 'yar muryar nan. Wani farin ciki ya kama ni, na ji kamar in diro in ruga masallaci in ce, Baffa, gaskiyarka ne, yana magana, na ji shi da kunnena! Sai kuma na tuna a inda nake da abin da ke hannuna. Sheƙar tana nan sama da ni, taku biyar ba ta kai ba. Uwar tana nan a reshenta. Babu wanda ya gan ni. Da na miƙa hannu na mayar, da yau ba ni da wannan labarin. Na ji an tayar da salla can cikin gari, na tuna teburina da ƙudajensa, na mayar da hular cikin riga na sauko. Na kai wa mai maganin, ya haƙa rami a ƙarƙashin teburina. Ban tsaya na ga ya rufe ba.

Washegari Baffa ya ɗauki igiyarsa zai kayar da sa, sai ya tsaya yana cire ƙayar rimi daga jikinta. Ya dubi hannuwana. Ya ɗaga kai ya dubi bishiyar, su biyun suna kan reshe, babu kowa a sheƙa.

Ya ce, "Jiya a wane sahu ka yi salla?"

Na ce, "Can baya, Baffa."

Na jira mari, bai zo ba. Sai ya rage murya ya ce, "Kwanansa ya kai. Ya yi magana?"

Na gyaɗa kai, hawaye na zuba.

Ya ce, "To, ka ji da kunnenka. Ni shekara da shekaru ina marmarin in ji na ungulu, na kaza kawai na taɓa ji. Ban hau ba." Ya shiga rumfa ya fito da bokiti da shebur ya ajiye a gabana. "Ajiye waɗannan. Ranar da ma'aikatan nan suka tafi, aikinsu naka ne."

Daga ranar Rediyo ya mutu a wurina. Yana gaisawa da ni, yana ba ni nama, ya tsaya mini a aurena, amma bai ƙara kirana ya ce zo ka ga wani abu ba. In na matso yana cikin ba wani labari, sai ya ce, "Wuƙar nan ba ta ci," ya tafi wurin dutse.

Ga abin da ya fi muni. A makon nan masu saye suka fara zuwa teburina. Matan Nufawan nan masu tuwo suka dawo wurina, nama ya riƙa ƙarewa kafin azahar. Ni kuwa bakina bai iya riƙe sirri ba, na yi ta alfahari a cikin samari. Wannan ya hau rimin unguwarsu, wancan ya hau maɗaci. Da ƙwai ya yi wuya, mai maganin ya ce kan ungulu ma yana yi, ƙafarta ma tana yi, aka koma ɗana tarko. Mata da mijin nan suka bar riminmu. Ƙarar faratai a kan kwano ta riƙa raguwa shekara bayan shekara, har wata safiya na watsa ƙazanta bayan rumfa, la'asar ta yi tana nan tana tsutsa. Na je na ɗauko bokitin da shebur ɗin. Ban ce ni kaɗai na kore su daga ƙasar nan ba, an sare manyan bishiyoyi, an sa guba a mushe don karnuka su ma suka ci. Amma a mahautarmu ni na buɗe ƙofar. Bayan Baffa ya rasu ne matarsa, wadda muke ce wa Inna, ta ji ina faɗin maganar ƙwan. Ta ce, "Kai dai wawa ne tun kana ƙarami. Baffanka ne ya ga kana ramewa, ya riƙa ce wa masu sayensa cinya ta ƙare, su je wurin ɗansa. Wane ƙwai?"

Yanzu ina zaune a unguwar Sauka Kahuta, na bar wa 'ya'ya wuƙa. Ka je mahauta yau, kafin ka ga rumfa hancinka ya gaya maka ka iso. Baro ake turawa ana kwasa, karnuka da ƙudaje sun gaji aikin, kuma ba su iya ba. Yaran unguwa sun san zaki da giwa a waya, amma ka ce ungulu sai su tambaye ka ko wata irin kaza ce.

Jikata, 'yar babban ɗana, tana karatun lafiyar dabbobi. Da ta zo hutu ta same ni a gindin mangwaro ta ce, "Angona, zo in ba ka mamaki. Ka san saniya ciki huɗu gare ta?"

Na ce, "Ke amarya, raina ni za ki yi? Na wanke tumbin da ya fi gashin kanki yawa. In kin isa, gaya mini, mutum ya fi tsawo da safe?"

Ta ce, "Ƙwarai kuwa. Akwai guringuntsi tsakanin ƙasusuwan baya, in ka wuni a tsaye sai ya danne, in ka kwanta ya koma."

Na miƙe zaune. Na ce ta auna ni. Da asuba ta ja layi a bango, da magariba ta sake ja, da littafi a kaina don kada wani ya ce an karkata hannu. Layin ya sauko! Na yi ta salati ina tafa hannu, har maƙwabta suka leƙo. Na ce jariri fa? Ta ce ya fi ni yawan ƙashi, don nasa a rarrabe suke, yana girma suna haɗewa, shi ya sa maɗigarsa take motsi. Na ce barkono fa? Ta ce daga hayin teku aka kawo shi, shi da rogo da masara da tumatir, har da gyaɗa. Na ce, "Gyaɗa? Wato yajin tsiren da na yi rayuwata ina barbaɗawa, ƙuli da barkono, duk baƙi ne?" Ta ce duk baƙi ne. Jama'a, ashe mutumin da muke ce wa Rediyo, abin da ake biyan malamai su koyar a manyan makarantu yake ba mu a tsaye, hannunsa duk jini! Da muka zo kan ungulu ta ƙara mini abin da shi ma bai sani ba. Ta ce ruwan cikinta yana da ƙarfin da yake kashe cututtukan da ke cikin mushe, ta ci abin da zai kwantar da gari guda ta tashi lafiya, cutar ta ƙare a cikinta. Nan na ba ta labarin hulata. Ba ta yi mini tsiya ba ranar, ita da ba ta raga mini.

Kafin ta koma muka je kasuwar Gwada sayen doya. Ina cikin taya wata ƙwaryar doya sai inuwa ta gifta a ƙasa, irin inuwar da na sani, mai faɗi, ba ta kaɗa fiffike. Na ɗaga kai. A kan wata doguwar bishiya a bakin kasuwa, ga su nan, su biyu, ɗaya a reshe, ɗaya a kwance cikin tarin kirare. Na saki doyar na kama ihu, "Amarya! Amarya, zo ki gani! Mata da mijin nan!" Na manta da ciwon gwiwa. Da na isa gindin bishiyar sai na tarar da wani magidanci mai lodin doya yana saita danƙon harbi.

Na riƙe masa hannu na ce, "Ɗana, don Allah tsaya."

Ya ce, "Baba, sake ni mana. Wannan tsuntsu akwai masu nema, wai maganin kasuwa ne."

Na ce, "Ni ne na gwada maganin, tun ba a haifi babanka ba. Zauna ka ji yadda ya yi aiki."

Mutane suka taru. Ni da kunya ta sa na daina faɗin maganar nan shekaru, na zazzage ta a tsakiyar kasuwa, har ƙayar da ke jikin igiya, har abin da Inna ta ce. Da na zo wurin kukan ƙwai wani ya ce, "Kai, Baba ya iya labari!" Na ce, "Haka ni ma na ce." Mai lodin ya daɗe yana kallon sama. Can ya ce, "Ɗaya tak a shekara?" Na ce ɗaya tak. Ya naɗe danƙon ya sa a aljihu, ya ce kullum a nan yake lodi, duk wanda ya zo da igiya sai ya bi ta kansa. Muna tsaye wadda ke reshe ta sauko, ta cikin sheƙa ta tashi ta ba ta wuri. Karɓa-karɓa, kamar yadda Baffa ya faɗa. Na tsaya a ƙasa ina kallo har wuyana ya ƙage, inda ya kamata in tsaya tun farko.

Don haka ina roƙonku, ku da kuke da sauran ƙarfin hawa bishiya. In kun ga ungulu, ku bar ta ta yi aikinta. In wani ya ce muku ƙwanta ko kanta yana kawo kasuwa, ku ce wani tsohon mahauci a Minna ya gwada, bokiti da shebur ya samu. In kuma akwai tsoho a gidanku mai yawan ba da labarin abubuwan mamaki, kada ku ƙyafta wa juna ido. Ku matsa kusa ku ce ya ƙaro, tun bai ce wuƙarsa ba ta ci ba.